Tazarar Haihuwa: Abin da Ke Mayar da Mace Gidan Likita da Abin da Ke Korar Ta

Duk wanda ya taɓa kasa kaya a kasuwar Jibiya ranar Lahadi, ko ya ci ta Maigatari ranar Alhamis, ya san ciniki ɗaya ba ya riƙe rumfa. Mai sayen da ya dawo shi ke riƙe ta. Wanda aka tauye wa mudu, ko aka cusa masa abin da bai nema ba, ko ya zo sau biyu ya tarar babu kaya, ba ya tsayawa jayayya. Mako mai zuwa sai ka hango shi a rumfar maƙwabci, ko ma ya daina cin kasuwar ɗungum, yana kuma gaya wa mutanen garinsu dalili.

Haka al'amarin yake a ɗakin tazarar haihuwa na gidajen likita, daga Maraɗi zuwa Katsina, daga Magarya zuwa Daura, daga Birnin Ƙwanni zuwa Illela. An daɗe ana ɗora wa rashin sani, ko ƙin miji, ko nisan asibiti laifin ƙarancin masu amfani da hanyoyin tazara. Duk waɗannan suna nan, ba mu musa ba. Amma binciken shekaru masu yawa a ƙasashe masu tasowa ya fito da wani abu da ba a cika faɗa ba: mata da yawa sun zo da ƙafarsu, sun fara, sannan suka bari, saboda irin karɓar da aka yi musu da bayanin da aka kasa yi musu. A kan haka muka rubuta wannan takarda, domin uwargida da maigida su san abin da ya cancanta a yi musu, su kuma iya buɗe baki idan an tauye su.

Tazara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa

Kakanninmu sun san ta tun kafin a gina asibiti. Shekara biyu ake shayar da yaro, mace kan tafi gidan iyayenta wankan jego ta daɗe, kuma wadda ta yi kwanika, wato ta ɗauki ciki da goyo a baya, tausaya mata ake yi ita da yaron da za a yaye ba lokacinsa ba. Abin da likitoci suka ƙara shi ne lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki, wata 6 kuma bayan ɓari. Ciki a kan ciki yana ƙarar da jinin uwa, yana ƙara haɗarin haihuwar bakwaini ko jariri maras nauyi, yana kuma jefa wanda aka yaye cikin tamowa. Yawan 'ya'yan da gida zai haifa magana ce ta miji da mata, babu ma'aikacin da aka ɗora wa ƙidaya wa wani. Batunmu shi ne uwa ta huta tsakanin ciki da ciki.

Ƙididdigar lafiya ta ƙasa da aka yi a Nijar a 2012 ta nuna matan aure 12 ne cikin 100 ke amfani da wata hanyar zamani. Irinta da aka yi a Najeriya a 2018 ita ma 12 ɗin ta samu, a jihohin kan iyaka kuwa abin bai ma kai haka ba. Amma akwai wani adadi a ƙididdigar Najeriya da ya fi wannan ba da labari: cikin kowace farawa 100, an daina 41 kafin shekara ta zagayo. Wasu sun daina ne don suna son ciki, wannan kuwa daidai ne. Sauran fa? Nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2012 kan ƙasashe 19 ya samu kusan haka, 38 cikin 100. A 2016 cibiyar Guttmacher ta Amurka ta tattara amsoshin matan aure daga ƙasashe 52, waɗanda ba su son ciki yanzu amma ba su amfani da komai. Kusan ɗaya cikin huɗu ta ce tsoron matsalar da magani ke kawowa a jiki ne ya hana ta. Waɗanda suka ambaci tsada ko rashin wurin samu kaɗan ne ƙwarai.

Bayanin da ba a yi ba

A ce wata mai sayar da ƙuli-ƙuli ce, goyonta wata bakwai, ta yi shawara da mijinta ta je gidan likita. Layi ya yi tsawo, ma'aikaciya ɗaya ce, ta gaji. Aka tambaye ta sunanta da na garinsu, aka yi mata allurar wata uku, aka rubuta ranar dawowa, shi ke nan. Bayan mako uku ta fara ganin ɗigon jini, yau ya zo, gobe ya ɗauke, jibi ya dawo. Ga wanda ke zaune a ofis wannan ƙaramin abu ne. Ga ita kuwa, salla ce ta rikice, ba ta san ranar da za ta yi wanka ba. Idan azumi ne lissafinsa ya dagule. Maigida ya fara tsuke fuska. Uwar miji ta ce ai dama an faɗa. Ranar dawowa ta zo ta wuce, ba ta koma ba. Maƙwabta biyar sun ji labarin, kuma ko ɗaya ba za ta je ba.

Da an zauna da ita minti biyar, da ta ji cewa rikicewar al'ada a watannin farko abu ne sananne ga mai allura ko ashanar hannu, ba alamar cuta ba ce, yakan lafa, kuma idan ya dame ta akwai magani na 'yan kwanaki da za a iya ba ta, ko a canza mata wata hanyar. Da ta san tun farko, da ta tambayi malaminta bambancin jinin haila da jinin ciwo, domin fiƙihu ya yi bayanin hukuncin kowanne.

Wata kuma akasin haka ke samunta: bayan wasu watanni al'adar ta ɗauke gaba ɗaya. Nan take tsoro ya kama ta cewa jinin yana taruwa a mara, wata rana zai zama ƙari. Babu jinin da ke taruwa. Kowane wata mahaifa kan yi shimfiɗa a cikinta domin tarbar ciki, idan cikin bai zo ba sai shimfiɗar ta zube, ita ce al'ada. Allurar tana hana yin shimfiɗar ne tun daga farko, don haka babu abin da zai zube. Kusan irin abin da ke faruwa ga mai shayarwa ne, wadda kan yi watanni ba ta ga wata ba, kuma babu wanda ya taɓa cewa jini ya taru mata.

Akwai gaskiya ta uku da ya wajaba a faɗa wa duk mai son allurar wata uku: bayan an daina, ciki kan yi jinkirin zuwa. A matsakaici yakan kai wajen wata goma daga allurar ƙarshe, wasu har shekara ko fiye. Ba ta hana haihuwa, amma tana jinkirtawa. Ashana da robar mahaifa ba su da wannan jinkiri, da zarar an cire mace tana iya ɗaukar ciki. Matar da ke son sake haihuwa nan da shekara ɗaya tana da haƙƙin jin wannan kafin a tsira mata allura. Idan ba ta ji ba, ta daina ta yi wata shida shiru, sai gari ya ɗauka cewa allura ta kashe mata mahaifa. A ganinmu rabin jita-jitar da ke yawo kan tazara daga irin wannan shirun na ɗakin likita ta samo asali.

Wasu ma'aikata kan ɓoye waɗannan abubuwa da kyakkyawar niyya, wai kada su tsorata mace ta gudu. Kuskure ne. Wanda aka gaya wa akwai rami a hanya, in ya iso sai ya rage tafiya ya wuce. Wanda aka ce wa hanya sumul take, ramin farko zai sa ya juya. Shi ya sa masu auna ingancin wannan aiki kan yi wa mace tambayoyi uku bayan ta fito: an gaya miki akwai wasu hanyoyin ban da wadda aka ba ki? An gaya miki abin da za ki iya gani a jikinki? An gaya miki abin da za ki yi idan kin gan shi? Uwargida, idan amsar ɗaya daga ciki a'a ce, ki koma ciki ki tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

A ba mutum abin da ya zo nema

A tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya an taɓa bin sawun matan da suka je neman tazara, aka buga sakamakon a 1991. Cikin waɗanda aka ba hanyar da suka zaɓa da kansu, ƙasa da ɗaya cikin goma ne suka daina a cikin shekara. Cikin waɗanda aka hana zaɓinsu aka ba su wani abu daban, fiye da bakwai cikin goma sun daina. Ɗan kasuwa ba zai yi mamakin wannan ba.

Hanyoyin ba ɗaya ba ne, masu bukata ma ba ɗaya ba ne. Ƙwaya tana son mai tunawa kullum, kuma iri biyu ce: akwai wadda ta dace da mai shayar da ƙaramin jariri, akwai wadda ba a so ta sha sai goyon ya kai wata shida. Allura akwai ta wata biyu, akwai ta wata uku. Ashanar da ake sawa ƙarƙashin fatar dantse, mai sanda ɗaya irin Implanon shekara 3 take yi, mai sanda biyu irin Jadelle shekara 5. Robar mahaifa mai jan ƙarfe tana kai shekara 10, ba ta da sinadarin da ke shiga jini, sai dai takan ƙara yawan al'ada da ciwon mara a watannin farko. Kwaroron roba shi kaɗai ne ke haɗa tazara da kariya daga cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Shayarwa ma hanya ce, amma da sharaɗi uku a haɗe: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi.

Abin da ya faru a Matlab, wani yankin karkara na ƙasar Bangaladesh, ya zama darasi ga duniya. A 1975 aka shiga raba ƙwayoyi da kwaroron roba gida-gida kyauta. Da farko mata suka karɓa, bayan 'yan watanni yawancinsu suka ajiye, domin masu rabon ba su da horon amsa tambaya, kuma babu wani zaɓi idan ƙwayar ba ta karɓi mace ba. A 1977 aka sake tsari. Aka ɗauki matan aure 'yan yankin masu ɗan karatu, aka horar da su, suna zagayawa kowane gida duk mako biyu, da hanyoyi daban-daban har da allura, suna sauraron koke, suna canza wa wadda ke son canji. Kafin shekara biyu kusan mace ɗaya cikin uku tana amfani da wata hanya, kuma abin ya ɗore. Mutanen nan dai su ne, talaucinsu da addininsu da mazajensu ba su canza ba tsakanin 1975 da 1977. Yadda ake yi musu aikin ne ya canza. Makamancin haka aka gani a Navrongo da ke arewacin Gana a shekarun 1990, da aka fitar da malaman jinya daga asibiti aka zaunar da su cikin ƙauyuka, aka kuma jawo sarakuna da magidanta cikin maganar. A Habasha ma, inda gwamnati ta baza mata ma'aikatan lafiya a ƙauyuka, matan aure masu amfani da hanyar zamani sun tashi daga 6 cikin 100 a 2000 zuwa 35 a 2016.

Zaɓi bai ƙare ranar farawa ba. Wadda aka sa wa ashana ko roba tana da ikon a cire mata duk ranar da ta so, ko wa'adin bai cika ba, ba tare da an ce sai ta kawo hujja ba. A wasu wurare akan ce mata ta yi haƙuri, kayan da tsada, ko mai cirewa ba ya nan, ta dawo wani mako. Mace ɗaya da aka yi wa haka ta isa ta hana unguwa guda karɓar ashana, kuma da gaskiyarsu: wa zai shiga ɗakin da bai tabbata za a buɗe masa ƙofar fita ba? Kafin a sa miki, ki tambaya a ina ake cirewa, wa ke cirewa, kuma ko akwai abin biya.

Rumfa ba kaya

Nijar ta mayar da kayan tazara kyauta a gidajen likitan gwamnati tun 2006, Najeriya ta bi sahu a 2011. Amma kyautar da babu ita a kan kanta ba ta amfani kowa ba. Mace ta bar sana'arta, ta biya kuɗin kabu-kabu, ta iso aka ce allura ta ƙare sai wani wata. Ko kuma maganin kyauta ne, amma a ce ta sayi safar hannu, da auduga, da kati. Idan an nemi kuɗi, babu laifi a tambaya cikin ladabi na mene ne, a kuma nemi rasit.

Ƙasar Sanagal ta sha fama da yankewar kaya. Da can ma'aikaciyar asibiti ce ke lissafin abin da ya rage, ta cike takarda, ta nemi mota ta je ɗauko kaya daga ma'aji, alhali ga marasa lafiya na jiranta. A 2012 aka gwada wata dabara a Pikine, wajen birnin Dakar, wadda duk ɗan kasuwa zai gane: aka ɗauki 'yan kasuwa masu motar rarraba kaya, kamar masu kai lemo da sabulu kantuna, suna zuwa kowane wata su ƙirga abin da ya fita su cike gurbinsa. Da aka faɗaɗa tsarin, gidajen likitan da kaya ke yanke musu suka koma ƙasa da 2 cikin 100. Matan aure masu amfani da hanyar zamani a ƙasar sun tashi daga 12 cikin 100 a 2011 zuwa 20 a 2014. Ba wannan dabara kaɗai ta jawo haka ba, an yi wasu ayyukan tare da ita, amma da wuya sauran su yi tasiri da kanta babu kaya.

Idan kaya ya yanke, mutane kan koma ga mai tallan magani a tire ko a bayan keke. Muna roƙo a yi hattara. Ƙwayar da ta wuni cikin rana mako da mako ba a san ƙarfin da ya rage mata ba, ba a kuma san daga inda ta fito ba. Mai tallan ba zai auna hawan jini ba. Ƙwayar da ke haɗe da sinadari biyu ba ta dace da mai hawan jini ba, ko mai ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiya a ido, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya. Wasu magungunan tarin fuka da na farfaɗiya suna rage ƙarfin ƙwaya da ashana. Ma'aikaciyar da ta san aikinta za ta yi waɗannan tambayoyi, ta ɗaura abin awon jini, ta wanke hannu, ta ɓare sabuwar allura a gaban idonki. Ke kuma ki faɗa mata gaskiyar lafiyarki da duk maganin da kike sha, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Shimfiɗar fuska

Hausawa sun ce ta fi ta tabarma. Macen da aka daka wa tsawa a gaban jama'a, ko aka ce mata "ke da 'ya'ya biyu kacal me kike nema a nan", ko aka yi mata dariya don ba ta jin Faransanci ko Turanci, ba za ta ƙara taka wurin ba ko da magani ya kai rufi. Sirri ma haka. A ƙaramin gari kowa ya san kowa. Idan ɗakin tazara ba shi da ƙofa, ko ana kiran suna da ƙarfi ana faɗin abin da ya kawo mutum, to kafin ta isa gida kishiya ta ji, dangin miji sun ji. Abin da aka faɗa a ɗakin likita amana ce.

Akwai kuma sharuɗɗan da wasu ma'aikata ke ƙirƙira da kansu. Mafi yawa shi ne a ce mace ta koma sai ranar da take al'ada, don a tabbatar ba ta da ciki. Mai shayarwa kan yi wata da watanni ba ta ga al'ada ba, kafin ta gani kuwa cikin ya shiga. Akwai 'yan tambayoyi da aka tsara waɗanda ke nuna babu ciki, akwai kuma gwajin fitsari; ba dole sai an kore ta ba.

Lokaci ma dukiya ne. Mai tuyar ƙosai ko mai awon hatsi da za ta yi zaman awa huɗu a benci ta yi asarar cinikin yini. Inda aka haɗa ayyuka, ranar rigakafin yaro ko awonsa ta zama ranar da uwa za ta ga mai tazara, an rage mata zirga-zirga. Ya kamata kuma a fara maganar tun lokacin awon ciki, domin akwai hanyoyin da ake iya farawa kafin mace ta bar ɗakin haihuwa.

A nan ya kamata mu yi wa ma'aikata adalci. Da yawansu mutum ɗaya ne ke karɓar haihuwa da dare, ya yi rigakafi da safe, ya cike rajista da yamma, wani lokaci albashi ma bai zo ba. Gyaran wannan yana wuyan hukuma. Amma kwamitin lafiya na gari, da mai gari, da sarkin kasuwa, da shugabannin ƙungiyoyin mata suna da bakin da ake ji. Idan kaya ya yanke wata biyu, ko ana karɓar kuɗin da ba a san da shi ba, a kai maganar gare su.

Maigida, da kai ake

A jihar Damagaram, tsakanin 2007 da 2008, aka fara abin da ake kira makarantar mazaje, da tallafin Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya. Magidanta masu mutunci a gari ne ke haɗuwa, su zauna da ma'aikatan gidan likita, su duba abin da ke hana mata zuwa awo da haihuwa a asibiti da tazara, su nemi mafita. Daga baya tsarin ya bazu a sauran jihohin Nijar, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Amfaninsa a bayyane yake. Mijin da ya ji da kunnensa cewa ɗigon jini zai wuce ba zai ce a je a cire ba a mako na uku. Idan hali ya yi, ka raka iyalinka ko sau ɗaya, ka yi naka tambayoyin. Kai da ba ka sayen buhun gero sai ka soka hannu ka duba ƙwayarsa, bai kamata lafiyar uwar 'ya'yanka ta zama abin da za ka ji a bakin 'yan majalisa ba.

Ga masu ƙafa ɗaya nan, ɗaya can

Mu mutanen kan iyaka muna da wata matsala tamu. Mace 'yar Ɗan Isa ce tana aure a Jibiya, ko mijinta fatauci yake tsakanin Matamaye da Kano, rani a nan, damina a can. An yi mata allura a wannan ɓangare, lokacin ta biyu ya same ta a wancan. Katinta da Faransanci, mai dubawa Turanci ya karanta, ko akasin haka. Iyakar ma ba kullum take buɗe ba: an rufe ta a Agustan 2019, Illela da Maigatari ba su buɗe ba sai Disamban 2020, Jibiya sai Afrilun 2022, aka sake rufewa a 2023 har zuwa Maris na 2024. Ranar allura ba ta jiran a ɗage shinge.

Saboda haka, kada a yi tafiya a bar katin a gida. A roƙi ma'aikaciya ta rubuta sunan maganin kamar yadda yake a jikin kwalba ko kwali, da ranar da aka yi, da ranar dawowa, da lambobi manya. Sunan magani da lamba kowa na iya karantawa ko da wane harshe ya yi makaranta. Mai waya ya ɗauki hoton katin. Magungunan da ake bayarwa a ɓangarorin biyu kusan iri ɗaya ne, don haka wadda ta fara a Nijar tana iya ci gaba a Najeriya, haka wadda ta fara a Najeriya.

Idan ranar ta wuce, kada kunya ko tsoron faɗa ya hana komawa. Allurar wata uku tana da rangwamen mako huɗu bayan ranar da aka rubuta, ta wata biyu tana da mako biyu, kuma ana iya yin kowacce mako biyu kafin ranar idan tafiya ta taso. Wadda ta wuce haka ma ta je, za a duba a gaya mata abin yi. Akwai kuma wata 'yar allurar wata uku mai suna Sayana Press, wadda ake yi ƙarƙashin fata, maganin da allurar a haɗe. Nijar tana cikin ƙasashe huɗu na Afirka da aka fara gwada ta a 2014. A wuraren da ake koyarwa, mace kan koyi yi wa kanta, a ba ta na gaba ta tafi da shi. Mai yawan tafiya ta tambaya ko ana yin haka a gidan likitan da take zuwa. Mai shan ƙwaya kuma ta nemi a ba ta ta watanni da dama kafin ta kama hanya.

Abubuwan da ba a jira da su, a kowane ɓangaren iyaka aka samu kai: jini mai yawa da ya ninka na al'ada ko ya wuce kwana takwas yana zuba, matsanancin ciwon mara musamman da zazzaɓi, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, kumburi da zafi a ƙafa ɗaya, ciwon kai mai tsanani da ganin duhu-duhu, idanu su yi rawaya, ruwa ko ƙuna a wurin da aka sa ashana, ko a shafa dantse a ji ba ta nan. Duk wadda ta ga ɗaya daga cikin waɗannan ta nufi gidan likita mafi kusa a ranar, da katinta a hannu.